Zaɓen Shafe Mai Ƙarko Don Teburin Cin Abinci Na Katako

Gabatarwa

Teburin cin abinci ya fi sauran kayan katako na gida shan wuya, domin ruwa da miya da manja da kwano mai zafi duk a kansa suke sauka. A Ibadan, inda damina ke kai kimanin wata 7, laima kan sa katako ya kumbura, hunturu kuma ya sa ya tsuke. Wannan darasi zai taimaka wa malaman gona wajen ba da shawara ga magidanta da ƙananan kafintoci na Sabo da Mokola, don kada kuɗin katako da wahalar aiki su salwanta cikin damina ɗaya.

Bushewar Katako

Babu shafen da ke zama a kan ɗanyen katako. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwar Bodija bai gama bushewa ba. A jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falle, a bar shi wata 2 zuwa 3 ko fiye, gwargwadon kaurinsa. Iroko da maɗaci da kawo sun fi dacewa da saman tebur. Obece yana da laushi, kuma ƙwari na saurin huda shi.

Ire-iren Shafe

1. Banish na foliyuretan mai mai: shi ya fi jure ruwa, maiƙo da gogayya. Yana jinkirin bushewa, amma shi ne zaɓi na farko.
2. Foliyuretan mai ruwa: ba shi da wari sosai, yana bushewa cikin 'yan awoyi, sai dai yana bukatar shafi 4.
3. Laka ta feshi: tana da sheƙi da saurin bushewa, amma kofin shayi mai zafi kan bar mata farin tabo, kuma takan yi hazo idan an fesa ta a ranar laima.
4. Man linsid dafaffe: yana fito da kyan katako, gyaransa da sauƙi, amma ba ya tare ruwa sosai, sai an riƙa sabunta shi.

Yadda Ake Shafawa

1. A goge katakon da samfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 180, ana bin tsawon katakon.
2. A share ƙura sarai. Iroko yana da maiƙo, saboda haka a goge shi da tsumma mai ɗan ruwan sirki, a bari ya bushe.
3. A sirka shafin farko da kashi 1 cikin 10 na ruwan sirkin da aka rubuta a jikin gwangwani.
4. A yi shafi 3 marasa kauri da buroshi mai tsabta. A bar awa 24 tsakaninsu, a ƙara lokaci da damina, kuma a ɗan goge da samfefa mai lamba 320 kafin kowane sabon shafi.
5. A shafe ƙarƙashin tebur da gefuna da gindin ƙafafu. Idan sama kaɗai aka shafa, ƙasa zai sha laima, tebur ya lanƙwashe.
6. A jira mako 1 kafin a fara cin abinci a kai. Shafen ba ya gama ƙarfi sai bayan kimanin wata 1.

Gargaɗi

Kada a shafa baƙin man mota ko maganin gara a saman tebur, domin guba ce da ke iya shiga abinci. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa, sai su yi wari, su jawo funfuna. Tsumman da aka shafa man linsid da shi yana iya kama wuta da kansa idan an dunƙule shi. A shanya shi a waje ko a jiƙa shi cikin ruwa. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da murhu da yara.

Kammalawa

Busasshen katako da shafi 3 na foliyuretan a kowane ɓangare su ne ke ba tebur tsawon rai. Wanda zai kai teburin Arewa ya ƙara kula da bushewar katako, domin hunturun Kano ko Sakkwato kan tsaga wanda bai bushe ba. Mai neman ƙarin bayani kan katako yana iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Jericho, Ibadan.