Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Shiga Waƙar Opera

Muryar mawaƙin opera ba ta ƙosawa da wuri. Wannan wasan kwaikwayo da ake rerawa, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, yana bukatar mutum ya cika zaure mai cin 'yan kallo dubu biyu ko uku da muryarsa kaɗai, babu makirufo, ga makaɗa sittin ko fiye suna kiɗa a ramin da ke gaban dandamali. Sai an shafe shekaru ana horar da numfashi da maƙogwaro kafin su ɗauki wannan nauyi. Manyan muryoyi, irin waɗanda ayyukan marubucin opera Wagner ke nema, galibi sai mai su ya haura talatin suke kammala cika.

Bayan makarantar kiɗa, matashi kan nemi gurbi a shirin horar da sabbin mawaƙa na wani babban gidan opera, kamar shirin Lindemann na Metropolitan a New York, wanda aka kafa a 1980, ko makarantar La Scala a Milan. A can zai koyi tafiya a dandamali, ya fito a ƙananan matsayi, ya haddace na manya don ya tsaya musu idan ciwo ya kama su. Harshe ma wajibi ne: Italiyanci, Jamusanci da Faransanci. Wanda bai san ma'anar kalmar da yake rerawa ba, masu sauraro kan gane. Daga nan da yawa kan nufi Jamus, inda gidajen opera kusan 80 ke ɗaukar mawaƙa aiki da albashin wata.

Babban haɗari kuwa yana zuwa ne bayan an fara yabo. Darakta zai ji murya mai daɗi, ya kawo tayin matsayin da ya fi ƙarfinta, ga kuɗi, ga suna, matashi kuma bashin karatu na wuyansa. Idan ya karɓa, zai riƙa matsa maƙogwaro don ya rinjayi makaɗa. Sannu a hankali murya ta fara rawa, sautukan sama su dushe, wani lokaci har ƙulli ya fito a igiyoyin murya sai an je wurin likita. Abin takaici ne ƙwarai, domin akan yi wannan ɓarnar cikin 'yan shekaru ƙalilan. Misalin haƙuri kuwa ita ce mawaƙiya Mirella Freni: ta fara fitowa a garinsu Modena a 1955, a matsayin Micaëla cikin operar Carmen, ta daɗe tana rera abin da ya dace da muryarta kafin ta taɓa masu nauyi, ta kuma san yadda ake cewa a'a ko ga mashahurin jagoran makaɗa. Tana da shekara 70, a 2005, tana kan dandamali a Washington.

Haƙuri bai hana shiri ba, don dama kan zo ba sallama. Pretty Yende 'yar Afirka ta Kudu ta yi karatu a Cape Town da makarantar La Scala, ta lashe gasar Operalia a 2011. A Janairun 2013 aka kira ta cikin gaggawa ta maye gurbin wata mawaƙiya a Metropolitan, cikin Le comte Ory na Rossini. Ta koyi matsayin cikin ɗan lokaci, ta kuma yi nasara, saboda waƙar ta dace da irin muryarta. Kafin sa hannu a kowace kwangila, ya kamata matashi ya rera matsayin daga farko har ƙarshe gaban malaminsa, sannan ya duba yadda muryar ta tashi washegari.