Darasi: Taimakon kamfani da karatun yara bayan an tashi lakkol

Jama'ar Damana, da ta Filinge, da ta Kurfai, ga darasinmu na yau. A karanta shi a hankali, a tattauna a kansa.

1. Mene ne karatun bayan lakkol?

Yara da yawa suna zuwa lakkol, amma wani yana kai aji 4 bai iya karanta sunan garinsu ba. Ajin ya cika, mushe guda ne. Yaron da aka bari baya yakan gaji, ya bar lakkol.

Maganin abin shi ne a ƙara wa yara lokaci. Da marece, ko ranar da babu lakkol, a tara su wuri guda. Wanda ya iya karatu ya zauna da su, su bita harufa da lissafi.

An gwada wannan a jiharmu ta Tilaberi. Shirin "Lakkol don kowa", wanda gwamnati ta fara a 2004 tare da taimakon ƙasar Japan, ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu. A shekarar karatu ta 2017-2018, dubban makarantu na jihar sun yi karatun ƙari da littattafan lissafi. Malamai da mutanen gari ne suka riƙe aikin, kuma binciken da aka yi ya nuna yara sun ƙaru a lissafi.

2. Ina kamfani ya shigo?

Karatun marece yana son fitila, da alli, da allo, da littafi, da tabarma. Duka kuɗi ne.

Wasu manyan kamfanoni suna ware wani abu daga ribarsu don aikin alheri. Kuɗin kyauta ne, ba bashi ba. Ga misali biyu. Gidauniyar kamfanin Orange ta raba wa wasu makarantun Nijar ƙananan kwamfutoci na hannu masu ɗauke da darussa. A 2021 kuma, kamfanin Airtel ya yi alkawari da UNICEF zai ba da dalar Amurka miliyan 57 cikin shekara 5 don ilimin yara a ƙasashen Afirka 13, har da Nijar.

Ku lura da abu biyu. Na farko, Airtel bai raba kuɗin gida-gida ba, ya bi ta hannun ƙungiya. Haka kamfanoni suke yi: suna neman ƙungiyar da ba riba take nema ba, mai takardun hukuma, mai shugabanni sanannu. Na biyu, kamfani ɗan kasuwa ne, yau yana nan, gobe ya tashi. A 2019 Orange ya sayar da reshensa na Nijar, sunan ya koma Zamani.

3. Me gari zai yi?

Ku fara da abin da ke hannunku: rumfa, da ɗan tarbace, da mutum biyu ko uku masu koyarwa. Mai taimako ya fi yarda da aikin da ya tarar yana tafiya.

Ku yi taron gari tare da kwamitin lakkol. A ƙirga yaran, maza nawa, mata nawa. A zaɓi lokacin da ƴan mata suka gama ɗiban ruwa da daka, don kada a bar su baya.

Ku rubuta takarda: abin da kuke so, da kuɗinsa, da abin da gari ya riga ya bayar. Daraktan lakkol da ma'aikatar magajin gari, kamar ta Tondikandiya da ke Damana, su san da ita.

Idan kuɗi ya zo, a faɗi yawansa a gaban kowa. Mai ajiya daban, mai rubutu daban. Kome aka saya, a karɓi takardar shaida. Kuɗin littafi ba na biki ba ne. Garin da ya ci amana sau ɗaya, da wuya a sake ba shi, kuma yara ne suka yi hasara.

Wanda duk ya ce ku ba shi kuɗi kafin ya samo muku taimako, ku kai maganarsa wurin hukuma.

A nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake. Ku da kuka iya karatu, ku ne za ku duba littafin kuɗi, ku ne za ku zauna da yara. Ranar da taimako ya ƙare, karatu ya ci gaba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Lissafi

A ce an ba gari jika 150. An sayi littattafai na jika 80, da fitilu na jika 45. Nawa ya saura a asusu?

Tambayoyi

1. Me ya bambanta kyauta da bashi?
2. Don me kamfani yake bi ta hannun ƙungiya?
3. A garinku, wa zai iya koyar da yara da marece?
4. Idan taimako ya tsaya, yaya za ku yi?