Sirrin Majinyaci a Cikin Kwamfuta: Jan Hankali ga Masu Asibiti

Sana'ata rubuta manhaja, kuma yawancin aikina da ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji ne a nan Mubi, musamman wajajen Lamorde a Mubi ta Kudu. Duk mai asibitin da ya kira ni, kukansa kusan ɗaya ne: a rage masa layin kati, a toshe inda kuɗi ke zurarewa, a san maganin da ya rage a sito. Ba laifi. Amma da wuya ka ji wanda ya tambaya su wane ne za su iya buɗe fayil ɗin majinyaci, alhali nan gizo ke saƙar.

A zamanin takarda, mai son leƙen asirin wani sai ya shiga ɗakin kati ya yi ta tonon fayil, har wani ya gan shi. A kwamfuta suna kawai zai rubuta. Akwai wani asibitin kuɗi da na tarar an manna kalmar sirri da salatif a gefen kwamfutar, kuma ita kaɗai ce: da ita likita ke shiga, da ita mai karɓar kuɗi, da ita ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki. Na ce da mai wurin, "Likita, in sakamakon gwajin wata baiwar Allah ya fita gobe, wa za ka tuhuma?" Ya ce, "Haba Injiniya, ai duk yarana ne, na yarda da su." Ban musa masa ba. Sai dai ranar da abin ya faru, duk yaran nan za su shiga zargi, mai laifi da marar laifi.

Ku tuna a inda muke. A Lamorde kowa ya san kowa. Mai ba da kati maƙwabciyar matar da ta zo awo ce, ma'aikacin ɗakin gwaji kuma ajinsu ɗaya da saurayin da ya zo gwajin aure. Hoto ɗaya na sakamakon ƙanjamau ko ciwon hanta, a ɗauka da waya a tura ta WhatsApp, ya isa ya kashe aure. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: wadda ta ji an tona asirin wata ba za ta zo karɓar maganinta ba, gara ta kashe kuɗin mota zuwa Yola, ko ta haƙura ta zauna a gida da cutarta.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan majinyaci sirri ne, ta kuma ɗora wa shugaban asibiti nauyin hana wanda ba shi da izini kaiwa gare su. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. In bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Tarar ƙaramin wuri tana iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma mai asibiti za a fara nema, ba ni da na rubuta manhajar ba.

Manhajar ƙwarai tana ba kowane ma'aikaci mabuɗinsa, kowa da iyakarsa. Mai karɓar kuɗi ya ga lissafi, kada ya ga cuta. Duk wanda ya buɗe fayil, ta rubuta sunansa da lokacin, ta yadda ko mai asibitin ba zai iya gogewa ba. Na lura wannan kaɗai yana kashe rabin gulma, don mutum in ya san ana ganin sawunsa yakan kama kansa. Rahoton wata-wata da ake shigarwa a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2 kuwa adadi yake buƙata, ba sunaye ba, saboda haka babu dalilin kwashe rajista duka a filas a ba wani ya kai ofis.

Sai batun ajiya. Mutanen Mubi ba sa buƙatar a yi musu wa'azi a kan wannan. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka shigo, wa ya tsaya ɗaukar kwamfuta? Yau Alhamdulillahi hankali ya kwanta, amma gobara da ɓarawo da wutar da ke zuwa da ƙarfi suna nan. Dole manhaja ta yi aiki ko babu sabis, in intanet ya dawo ta tura kwafi wani wuri daban, a kulle ta yadda ko an sace ba za a iya karantawa ba. Kuma a riƙa gwada dawo da kwafin, don na sha ganin ajiyar da aka buɗe aka tarar wayam.

Kada mu ce masu kutse ba su san da mu ba. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, aka soke ganin likita kusan 19,000, saboda ba a sabunta kwamfutoci ba. Ba zaɓe take yi ba, duk ƙofar da ta samu a buɗe shiga take. Mu kuwa har yanzu akwai masu Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020.

Don haka, masu asibiti da ɗakunan gwaji, kafin ku biya kowa ko sisi, har da ni, ku sa ya nuna muku da idonku inda manhajar ke rubuta wanda ya buɗe fayil. Ku tambaye shi ina bayanan suke zaune, shi kansa yana iya ganinsu daga gida, kuma in kun rabu wa zai riƙe su. Ya rubuta amsar a yarjejeniya, ya sa hannu. In ya fara kame-kame, ku ci gaba da katinku na takarda har Allah Ya kawo wanda ya iya.