Hutun Kirsimeti da Shirin Komawa Jami'a

'Yan'uwa, hunturu ya kankama, 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'in Jos, Zariya, Kano da sauran wurare sun dawo gida, muna ganinsu tare da mu ran Lahadi. Muna murna da zuwansu. Amma hutun nan gajere ne, hidimar Kirsimeti da ziyarce-ziyarce kuma sukan cinye shi tun ba a ankara ba. Darasinmu na wannan wata shi ne: kafin ɗalibi ya ɗaura kayansa, ya kamata iyali su zauna da shi su yi lissafi uku a kan gaskiya.

Lissafi na fari: sakamako

Sau da yawa mukan tambayi yaro, "Yaya karatu?" Ya ce, "Lafiya lau." Shi ke nan. Wannan bai isa ba. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci kashi 70 cikin ɗari ko fiye yana samun maki 5, wanda ya ci 50 zuwa 59 yana samun maki 3, wanda ya faɗi ba ya samun kome. Kowane kwas yana da nauyinsa, wato yunit. A ce ɗalibi ya ɗauki kwas shida masu yunit uku-uku, ya sami maki 3 a kowanne: matsakaicin makinsa 3.00 ne. Idan ya faɗi guda ɗaya tak, ya sauko 2.50, ga shi kuma zai maimaita kwas ɗin a kan nauyin shekara mai zuwa. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babban mataki na daraja ta biyu daga 3.50, kuma ana tara makin zango a kan zango har a gama. Saboda haka mu nemi ganin sakamakon, ba don mu kunyata yaro ba, sai don a san inda za a gyara. Ku ma 'ya'yanmu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lissafi na biyu: kwanaki

Jami'o'in gwamnati ba sa tafiya a kan kalanda ɗaya, balle bayan yajin aikin malamai na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wani ɗalibi zai koma ya fara sabon zango, wani kuwa jarrabawa zai tarar tana jiransa. Kowa ya san ranar komawarsa da ranar rufe rajista. Ya ware sa'a biyu kowace safiya, kafin gida ya cika da baƙi, ya buɗe littafin kwas ɗin da ya fi ba shi wuya. Mu iyaye kuma mu rage masa aike a wannan lokaci.

Lissafi na uku: kuɗi

Mu rubuta kuɗin makaranta, na ɗaki, na mota, na abinci da na littattafai, mu ware su tun kafin mu shiga kasuwar shinkafa da ɗinkin sababbin kaya. Yaron da ya makara sati biyu yana jiran kuɗin mota ya rasa darussan farko, watakila har da gurbin kwana. Tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun NELFUND, wanda ke ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma ya fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne dai, a yi shawara a gida kafin a nema. Akwai kuma marayu da 'ya'yan gwauraye a cikinmu. Zumuntar mata, ta maza da ta matasa su san su da suna, su tallafa kafin Janairu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yaushe rabon da mu ga sakamakon ɗanmu ko 'yarmu da idonmu?
2. Wace hidima ce za mu rage a bikin bana domin kuɗin makaranta ya cika?
3. Wane ɗalibi ne a unguwarmu ba zai iya komawa ba idan ba mu taimaka ba?