Yadda Ake Kare Tumatir Daga Baƙin Gindi a Ƙasar Kurfai

A kwarin Dallol Boso, inda Filinge ta ƙasar Kurfai take, ruwa ba shi da zurfi, amma wata rijiyar zartsi gare ta, wani wurin kuma kanwa kan fito fari fat a bisa ƙasa. A garkar irin wannan wuri ne ɗan tumatir kan yi baƙin tabo a gindi, wurin ya lotsa ya bushe. Feshin maganin ƙwari a nan asarar kuɗi ce, domin sinadarin kalsiyam ne bai kai wurin ba. Kalsiyam ba ya hawa sai cikin ruwan da saiwa ta sha. Ganye ke kwashe kaso mafi tsoka, gindin ɗa kuwa shi ne na ƙarshe a rabo. In gishiri ya yi yawa, saiwa ba ta iya jan ruwa sosai, sai rabon nan ya ƙara raguwa.

Da farko, a san ruwa da ƙasa. A ɗanɗana ruwan rijiya, a kuma nemi malamin gona ya auna gishirin ruwan da na ƙasar. Binciken Maas da Hoffman na 1977 ya nuna tumatir kan fara rage amfani idan gishirin ƙasa ya wuce 2.5 dS/m, kowane ƙarin maki 1 kuma yana cin kusan kashi 10 cikin 100.

Na biyu, kafin dashe a cika fangali da ruwa mafi daɗi da ake da shi, a bar shi ya nutse, a sake. Haka ake kora gishiri ƙasa da saiwa.

Na uku, taki. A sa ruɓaɓɓen takin gida. Takin zamani ma gishiri ne, saboda haka a raba shi kaɗan-kaɗan. A yi hattara da yuriya: tana sa ganye ya yi yabanya, ya ƙwace wa ɗa kalsiyam. Inda kanwa ta kama ƙasa, garin jifsam yana taimakawa.

Na huɗu, ban ruwa, kuma nan aikin yake. Makonni 2 zuwa 3 bayan fure ya kama ɗa, kada fangali ya bushe ƙayau sannan a malale shi. A riƙa ba shi daidai, kullum da sassafe, a ƙara da yamma in zafin bazara ya shigo. A shimfiɗa karan gero a gindin shuka don laima ta daɗe, gishiri kuma kada ya taso.

Na biyar, iri. Dogon tumatir irin Roma ya fi mai kewaye saurin kamuwa, don haka mai rijiyar zartsi ya lura wajen zaɓe.

Ɗan da ya riga ya yi tabo ba ya warkewa. A tsinke shi tun yana ɗanye, a gyara ban ruwa, 'ya'yan da za su biyo baya su fito lafiya.