Darasin Mako: Zango a Dajin Allah, Wa Ke Da Filin, Kuma Yaya Ake Sauka?

Darasin da ƙungiyar 'yan jarida ta liƙa muku a allon wannan makon ya shafi abin da kowa ya saba gani, amma ba kasafai ake tsayawa a yi tunani a kansa ba: mutum ya sauka a fili ko a daji, ya kafa bukka, ya hura wuta, ya kwana, bai biya ko sisi ba. Da an kawar da amfanin gona za ka ga rugage sun ɓullo a gonaki da bakin fadama, tun daga nan Dangoma har Kalgo da ƙasar Gwandu. Masunta ma sukan yi 'yan bukkokinsu a bakin gulbi. In ka tambaya wa ya ba su wurin, sai a ce maka ai dajin Allah ne. Gaskiya ne, na Allah ne. Amma da muka bibiyi maganar sai muka tarar kyautar nan tana da sharuɗɗa, kuma yawancin rigimar da ake yi a kan fili a yau ta samo asali ne daga mantawa da su.

Mu fara da kalmomi. Zango shi ne inda matafiya ke sauka su huta. Sansani na mayaƙa ne. Ruga ta makiyaya ce, haka ma mashekari, inda sukan zauna da dabbobi su ɗauki wani lokaci na shekara. Akwai kuma kiskadi, wato bukkokin kara da gardawa kan kafa a bayan gari domin su keɓe kansu su yi tilawar Alƙur'ani. Harshen da ke da sunaye har haka a kan kwana a fili, lalle masu shi sun daɗe suna yi.

Waɗanda suka fi kowa gwanancewa a kan zango su ne fatake. A ƙarni na 19 ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, wadda babbar kasuwa ce a lokacin, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da 'yan dako da mata da yara. Kuma ba a sauka barkatai. Madugu ne shugaban ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Ana neman wurin da ke da ruwa da ciyawa da itace, a bayan gari, ba a cikin gonar kowa ba. Kafin a kwance kaya madugu kan aika wa sarkin garin da gaisuwa, a bakin kogi kuma a biya kuɗin fito. To ka ga ko a wancan zamani filin kwana ne kawai kyauta. Sallama da neman izini ba a taɓa ɗauke wa kowa su ba. Wasu daga cikin wuraren saukar nan sun zama unguwanni na dindindin. Shi ya sa har gobe a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana ake kiran unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi da sunan zango.

Ba sai mun je nesa ba ma. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, jama'arsa ta yi fiye da shekara tana tashi daga wannan masauki zuwa wancan, ta Magabci da Sabon Gari na ƙasar Zamfara, cikin yunwa da ƙarancin guzuri, kafin ta zauna a Gwandu a 1805. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya ga wannan rayuwa da idonsa, yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hukuncin ƙasar da ba a raya ba da yadda mutum ke samun haƙƙi a kanta. Muna ganin abin alfahari ne a ce a ƙasarmu aka zauna aka yi rubutu a kan wannan batu kusan shekara 200 da suka wuce.

Me fiƙihu ya ce? A taƙaice, ƙasar da babu gini babu shuka a kanta, wanda ya raya ta, ya haƙa rijiya ko ya yi sassabe ya noma, yana iya samun haƙƙi a kanta, amma in tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Sannan kowane gari yana da hurumi, wato filin da ke kewaye da shi inda mutanensa ke kiwo da yin itace, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya killace shi ya hana saura ba. Rijiya ma tana da nata hurumin. Akwai hadisin da ya nuna mutane sun yi tarayya a abubuwa uku: ruwa da ciyawa da wuta. Ku lura da kalmar tarayya. Abin tarayya yana da masu shi, yawa ne kawai gare su. Wanda ya gurɓata mashaya ɗaya ya taɓa haƙƙin kowa da ke sha daga gare ta.

Dokar ƙasa ta zamani ma ba ta bar fili sakaka ba. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe fili, har hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Makiyayan da ke shigowa daga Binin kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta tanadi su riƙe takardar shaida mai nuna yawan dabbobinsu da allurar rigakafin da aka yi musu da hanyar da za su bi. Gandun daji na gwamnati shi ma yana da tasa doka, ba a sarar itace ko zama a ciki sai da izinin ma'aikatan daji. Babu inda waɗannan dokoki suka ce kowa na iya kafa bukka inda ya ga dama. Abin da ya ba baƙo damar sauka shi ne al'ada da yardar mutanen wurin: hakimi, mai unguwa, arɗo, ko mai gona.

A wasu ƙasashe mutane kan fita kwana a daji domin shaƙatawa kawai, su ɗauki tanti da ɗan guzuri su tafi inda babu famfo babu lantarki. Mu da muke neman hanyar rabuwa da rashin lantarki, abin kan ba mu dariya. Sai dai dokokinsu abin dubawa ne. A Amurka, a yawancin filayen da hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ke riƙe da su, mutum na iya sauka kyauta, amma kada ya wuce kwana 14 cikin kwana 28 a wuri ɗaya. A Norwe, dokar 1957 ta yarda ka kafa tanti a ƙasar da ba a noma ba, ko da ta wani ce, muddin ka nisanci gidan mutane da mita 150 kuma ba ka wuce kwana biyu ba sai da izini. Wato su ma sun gano abin da madugu ya sani tun tuni: baƙo raɓa ne, ba ya zama har ya zama mai wuri.

Yanzu ga darasin kansa, domin wataran wani cikinmu zai raka dabbobi, ko ya kwana gadin shinkafa a fadama, ko ya fita da 'yan sikawut.

Abu na farko sallama. A sanar da mai gari ko mai gona su wane ne, mutum nawa, kwana nawa za a yi. Wannan ladabi ne, kuma a zamanin nan kariya ce. Wutar da aka hango a daji da dare ba a san mai ita ba tana iya tayar da hankalin gari guda, kuma wanda bai yi laifin komai ba ya sha duka ko abin da ya fi duka.

Sai zaɓen wuri, kuma a yi shi tun da sauran rana. A nemi tudu, a guji kwari da busasshen rafi, domin ruwan da aka yi a wani gari can nesa yana iya saukowa da dare alhali kai ko ɗigo ba ka gani ba. Mu mutanen fadama mun san yadda gulbi ke cika ba sallama. Kada a sauka a kan hanya ko a tsakiyar burtali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani da yada zangon dare a kan hanya saboda nan ne dabbobi da miyagun ƙwari ke bi. A nisanci suri da tarin duwatsu da kogon itace, gidan maciji da kunama ke nan. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a arewacin Nijeriya. A share wurin kwanciya tas, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa, a riƙe tocila. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A hana shi yawan motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. Gidan sauro kuwa bai fi nauyin buta ba, babu dalilin barinsa a gida.

Maganar ruwa ita ce ta fi damunmu. Kada a kafa masauki dab da mashaya, a ja baya kamar taku 70, saboda dabbobi da mutanen gari su sami hanya. Bayan gida a yi shi nesa da ruwa da hanya da inuwar da mutane ke hutawa, wurare ukun da hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani a kansu. A tona rami mai zurfin taƙi guda, in an gama a rufe. Ƙazantar da aka bari a sarari, ruwan sama na farko ne zai kwashe ta zuwa gulbi ko rijiya, daga nan kuma sai amai da gudawa. Ruwan sha in ba daga famfo ko rijiya mai murfi ya fito ba, a tafasa shi.

Wuta kuma, musamman da hunturu lokacin da ciyawa ta bushe iska na kaɗawa, a share kewayen murhu, a yi ta ƙarama, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin barci. Gobarar daji guda tana cinye abincin dabbobin rani na ƙauyuka da dama, wani lokaci har da damman hatsin da ba a kai gida ba. A tsinci busasshen itace, kada a sari ɗanye. Gawo shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka kaɗe, dabbobi na cin 'ya'yansa, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka. Wanda ya sare shi don girkin dare ɗaya ya yi ɓarnar shekaru. Ko kalgo, wanda garin ƙaramar hukumarmu ke amsa sunansa, in za a ɗebi ɓawonsa don igiya, a ɗiba daga reshe, kada a feɗe gindin. Ranar tashi a kwashe leda da gwangwani da batir. Saniyar da ta haɗiye leda ramewa take yi har ta mutu, mai ita bai san dalili ba.

A da, manomi da kansa ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi. Shanu su ci kara da harawa, su bar taki, mai gona ya ba da damin gero, a aiko masa da nono. Kowa ya ci riba. Yau abin ya yi rauni. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye gefen burtali har wani wuri saniya biyu ba sa iya jerawa, noman rani da injin ban ruwa ya mamaye fadamar da dabbobi ke sauka a da, kara da harawa sun zama kayan sayarwa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu sakin dabbobi cikin amfanin da ba a girbe ba, da masu tura ƙananan yara kiwon garken da ya fi ƙarfinsu. A ganinmu laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Wanda ya noma burtali da wanda ya cinye gonar wani, dukansu sun ɗauki abin da ba nasu ba ne.

Ga kuma matsalar tsaro. Bayan abin da ya faru a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ba sai an yi wa ɗalibin Jihar Kebbi dogon bayani ba. Kada wani ya karanta wannan darasi ya tara abokai su tafi kwanan daji da sunan gwaji. Duk fitar da ta shafi ɗalibai sai da izinin iyaye da shugaban makaranta da sanin hukuma, kuma a halin da ake ciki filin makaranta ya isa a koyi kafa tanti da ɗaurin igiya da kashe wuta.

Ga aikin da muke roƙon 'yan aji uku su taya mu. Kowa ya tambayi kakansa ko wani dattijo a unguwarsu: ta ina burtalin garinmu ya bi lokacin ƙuruciyarsa, faɗinsa taku nawa ne, ina mashaya take, kuma a ina baƙi ke sauka? Sannan a je da rana tare da babba a auna faɗinsa na yau. A rubuto amsar a takarda, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Malamin labarin ƙasa ya yarda zai taimaka mana mu zana taswira biyu, ta da da ta yanzu, mu liƙa su gefe da gefe a wannan allo.