Buga Hoton Waya a Kanbas: Wane Gefen Katako Ne Ke Taɓa Hoton?

Hoton da ka ɗauka da wayarka a bikin kamun kifi na Argungu, ko na walimar gida a Badariya, yana iya fita tas a kan ƙyallen kanbas, sannan ya lalace wajen ɗaurawa. Yawanci matsalar ɗaya ce: an juya katakon firam baibai.

Ka duba sandar da ake ɗaura kanbas a kanta. Fuskokinta biyu ba ɗaya ba ne. Ɗaya a shafe take, ɗayar kuma tana da ɗan tudu a bakinta na waje, sai ta gangara zuwa ciki. Mai tudun ita ce ke fuskantar ƙyallen, ta yadda hoton zai dafa bakin waje kaɗai, sauran ya tsaya a sarari. Shafaffen gefen shi ke kallon bango, kuma a nan ake buga ƙusa ko sitefila.

In aka juya, ƙyallen zai kwanta a kan faɗin katakon. Ranar farko ba za ka ga komai ba. Da tafiya ta yi tafiya, sai bakin katakon na ciki ya fito da layi zagaye da hoton, ƙurar hunturu ta bi layin ta zauna. Irin wannan shaida da wuya ta goge.

Ka shimfiɗa hoton rubda ciki a wuri mai tsabta, ka ɗora firam ɗin a bayansa, tudun yana ƙasa. Sandunan huɗu duk su kalli gefe guda. Guda ɗaya ta saɓa, kusurwa ba za ta haɗu ba. Fara bugawa daga tsakiyar kowane gefe, ka koma na daura da shi kana ja, kusurwoyi su zo ƙarshe. In kafintan unguwa ne zai haɗa maka, ka ce masa ya rage kaurin katakon ta ciki, kuma ya nemo busasshe, domin ɗanye kan lanƙwashe.

Tun wajen bugawa ka bar rarar kamar santimita 5 a kowane gefe don naɗewa, kada kan wani ya tafi bayan firam. Hoton megafiksel 12 zai kai kusan santimita 68 da 51 ba tare da ya dushe ba, muddin ba ta WhatsApp ka tura shi a matsayin hoto ba. Manhajar tana matse shi. Tura shi a matsayin fayil.